Shekarar da “A Raba” da “Ƙasa Ɗaya” Suka Yi Musayar Baki

Tsakanin Mayun 1966 da Mayun 1967, wata goma sha biyu kacal, manyan kalmomi biyu na siyasar Najeriya suka yi musayar baki. A farkon wannan tsakani Arewa ce ke kiran a raba ƙasa, masu yi wa dunƙulewa kirari kuwa galibinsu suna Kudu. Da shekara ta zagayo Gabas ta ɓalle, Arewa kuma ta ɗebi 'ya'yanta ta tura fagen daga don kada ƙasar ta rabu. Mutanen dai su ne na bara, Kwara da Binuwai ba su sauya hanya ba. Tsoro ne ya tashi daga wannan yanki ya koma wancan, kuma duk inda ya sauka, nan maganar rabuwa take kwana.

Ba a 1966 aka fara maganar ba. A taron tsarin mulki na Ibadan a 1950, wakilan Arewa sun kafe sai an ba yankinsu rabin kujerun majalisar tsakiya, in ba haka ba a mayar da su yadda suke kafin haɗewar 1914. A ƙarshen Maris na 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956, Sardauna Ahmadu Bello ya nemi a cire shekarar a ce sai lokacin da ya dace, aka yi wa wakilan Arewa ihu a titunan Legas, shi kuma ya ce kuskuren 1914 ya fito fili. Bayan tarzomar Kano ta watan Mayun wannan shekara, majalisun Arewa suka amince da sharuɗɗa takwas waɗanda, da an bi su, da abin da zai rage tsakanin yankunan bai wuce tsaro da kwastan da hulɗa da ƙasashen waje ba. Yamma ma ta yi irin wannan barazana a kan matsayin Legas. Amma a wancan zamani dabara ce ta neman rinjaye a teburin shawara. Bature na nan yana raba gardama, soja kuma yana bariki.

Juyin mulkin daren 15 ga Janairun 1966 ne ya shafa wa maganar jini. Jawabin da Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu ya yi a rediyon Kaduna, in aka ɗauke shi shi kaɗai, babu sunan wata ƙabila a cikinsa. Ya lissafa abokan gabarsa: maciya hanci, masu neman kashi goma cikin ɗari a kowace kwangila, masu raba kan jama'a don su dawwama a kujera, masu ƙabilanci da fifita dangi. Kalmomi ne da talakan kowane yanki zai iya cewa amin a kansu. Sai dai jama'a ba jawabi kaɗai suke saurare ba, suna kuma ƙirga gawa. An kashe Sardauna a Kaduna, an kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Akintola na Yamma, da ministan kuɗi Okotie-Eboh, da manyan hafsoshin Arewa irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kur Muhammad da Abogo Largema da James Pam. Firimiyan Gabas ko ƙwarzane bai samu ba, akasarin manjojin da suka ƙulla abin 'yan ƙabilar Ibo ne, kuma wanda mulki ya faɗa hannunsa, Janar Aguiyi-Ironsi, shi ma Ibo ne, ko da yake ba ya cikin masu ƙulla makircin. Daga ranar nan “ƙasa ɗaya” ta fara yin wani amo dabam a kunnen ɗan Arewa.

Ranar 24 ga Mayu Ironsi ya fito da Doka ta 34. An rushe tarayya, an mayar da yankuna rukunonin larduna, an haɗe aikin gwamnati wuri guda. Haɗin kai ya kira abin, kuma ina kyautata zaton da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma akawun da ke zaune a sakatariyar Kaduna ya san tazarar da ke tsakaninsa da Kudu a ilimin boko, ya kuma san manufar fifita 'yan Arewa a aikin gwamnatin yankinsu ce ta ba shi wannan kujera. Abin da shi ya ji a cikin dokar shi ne gobe za a turo wani ya zauna a kanta. Kafin mako ya cika, zanga-zangar da ɗalibai suka fara a Zariya ta bazu zuwa Kano da Kaduna da Katsina da wasu garuruwa, ta rikiɗe ta zama farautar 'yan Ibo a unguwanninsu. Taken da ke bakin mutane shi ne “a raba”.

Bahaushe ya san rabo, ya kuma san rabo yana da ƙa'ida. In mai gida ya rasu, ba a barin kowa ya ja abin da hannunsa ya kai. Malami ake kira ko a je gaban alƙali, a fara biyan bashin mamaci, a cika wasiyya, a yi wa gona da gida kuɗi, a kira kowane magaji da sunansa har jaririn da ke goye, wanda ke ciki ma a ajiye masa kasonsa. Waɗanda suka cika titi da ihun a raba ba su zo da ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ba su faɗi inda iyaka za ta bi ba. Ba su faɗi wanda zai riƙe layin dogon da ke kai gyaɗar Kano da audugar Funtuwa bakin teku a Legas da Fatakwal ba. Ba su faɗi matsayin bakaniken da aka haifa a Sabon Garin Kano, wanda Hausa ta fi harshen iyayensa zama a bakinsa ba, ko na falken shanun da ya shekara ashirin a Umuahiya. Kalmar ta yi daɗin faɗa ne domin ta bar waɗannan tambayoyi duka a buɗe, kuma tambayar da manya suka bari babu amsa, masu adda da gora ne suka amsa ta.

Ranar 29 ga Yuli hafsoshin Arewa suka rama. Aka kashe Ironsi a Ibadan tare da mai masaukinsa, Laftanar Kanar Adekunle Fajuyi, aka kashe sojojin Ibo masu yawa a barikoki. Waɗanda suka yi wannan juyi, cikinsu har da Murtala Muhammad, ba mulkin Najeriya suka fito nema ba da fari. Niyyarsu su kwashe nasu ya nasu su koma gida. Kwana uku ƙasar ba ta da shugaba. Ana ta ja-in-ja a barikin Ikeja, manyan sakatarorin gwamnati da jakadun Ingila da Amurka suna nuna musu abin da rabuwa za ta jawo wa Arewar da ba ta da teku. Ranar 1 ga Agusta Laftanar Kanar Yakubu Gowon ya yi jawabinsa na farko, kuma a cikinsa akwai jumlar da har yau ake gardama a kanta, inda ya ce in aka auna komai, ginshiƙin haɗin kai babu shi, ko kuma ya girgiza ƙwarai. Masu kare shi sun ce mulkin dunƙule irin na Ironsi yake nufi, kuma abin da ya gabaci jumlar yana goyon bayansu. 'Yan Gabas kuwa sanarwar ɓallewa suka ji, wadda aka datse wa ƙarshe a ƙurarren lokaci. Gwamnan Gabas, Laftanar Kanar Odumegwu Ojukwu, wanda tun farko ya ƙi amincewa da shugabancin Gowon, ya adana wannan jumla ya yi ta kafa hujja da ita.

Ranar 12 ga Satumba aka buɗe taron tsarin mulki a Legas. Takardar farko da wakilan Arewa suka gabatar ta nemi yankuna masu cin gashin kansu, kowanne da damar ficewa in ya ga dama. Bayan 'yan kwanaki suka janye ta, suka dawo suna neman tarayya mai ƙarfi da ƙarin jihohi, babu kuma maganar ɓallewa. Lissafi ne ya juya su. Hanyar teku tana Kudu. Man fetur da aka gano a Oloibiri a 1956 aka fara fitarwa a 1958 ya soma kawo kuɗi na gaske. Sannan ga ƙananan ƙabilun Arewar kanta, Tibi da Angas da Birom da Idoma da sauransu, waɗanda 'ya'yansu suka cika rundunar sojan ƙasa. Su ba ƙasar Arewa mai zaman kanta suke so ba, inda za su dawwama ƙarƙashin masu rinjaye. Jihohin kansu suke so a cikin Najeriya. Ashe “Arewa” da aka yi ta kiran a raba da sunanta ita ma ba baki ɗaya take magana ba.

Ana cikin wannan taro ne abin da ya fi komai muni ya auku. A ƙarshen Satumba jita-jita ta bazu, har aka ji ta a rediyon Kwatano, cewa ana kashe 'yan Arewa a Gabas. Sai kisa ya ɓarke a Makurɗi da Jos da Zariya da Kaduna da Kano. Ranar 1 ga Oktoba sojoji suka buɗe wuta a kan masu jiran jirgi a filin jirgin saman Kano da tashar jirgin ƙasa, mutanen da sun riga sun ɗaure kayansu za su tafi. Gwamnatin Gabas ta ce mutum 30,000 aka kashe a wannan shekara, wasu marubuta sun kawo adadin da bai kai haka ba, amma babu mai musun cewa dubbai ne, kuma sama da mutum miliyan ɗaya suka tsere Gabas. A can ma an rama a kan 'yan Arewa mazauna garuruwansu, Ojukwu kuma ya umarci waɗanda ba 'yan yankin ba su fita.

Sunan da aka ba wannan abu ya raba ƙasar fiye da duk wata doka. A wajenmu “rikici” ne, ko “tarzoma”, ko “hargitsin araba”, kalmomin da ke sa mai ji ya zaci ɓangarori biyu ne suka gwabza. A Gabas kisan ƙare dangi ne. Ni dai ban ga yadda za a kira harbin mutum a tasha, da ƙunshin kayansa a ka da 'ya'yansa a gefe, da sunan rikici ba. Kisan gilla ne aka yi wa waɗanda ba su riƙe makami ba, ba kuma su suka kashe Sardauna ba. Akwai Hausawan da suka ɓoye maƙwabtansu a ɗakunan matansu, suka fitar da su cikin dare, kuma dole a riƙa ambaton su. Sai dai alherinsu ba ya wanke hannun waɗanda suka yi kisan, ba ya kuma ba mu damar ci gaba da lulluɓe abin da kalma mai laushi.

A ranakun 4 da 5 ga Janairun 1967 shugabannin sojan suka haɗu a Aburi ta ƙasar Gana, bisa gayyatar Janar Joseph Ankrah. Ojukwu ya zo da shiri, sauran sun zo da niyyar sasanta 'yan'uwa. Hujjarsa a can ita ce gara a ɗan ja da baya da juna a rayu, da a matso a yi karo a hallaka. Aka amince, aka sa hannu, aka yi musabaha. Da kowa ya koma gida sai ta bayyana cewa takarda ɗaya suka sa wa hannu amma ba abu ɗaya suka karanta ba. Ojukwu ya fahimci yankuna sun zama masu iko da kansu, tsakiya ba ta yanke komai sai da yardar kowane gwamna. Manyan ma'aikatan Legas suka nuna wa Gowon cewa hakan rushe ƙasa ne a hankali. Gabas ta buga muryoyin taron a faifan garmaho ta baza, ta ɗauki taken “a kan Aburi muka tsaya”. Legas ta fito da Doka ta 8 a watan Maris, wadda ta ba yankuna iko mai yawa amma ta riƙe damar kafa dokar ta-ɓaci a kowane yanki. Ojukwu ya ƙi ta. Daga nan kowane ɓangare ya daina yi wa ɗan'uwansa magana, ya koma yi wa duniya bayani.

Sanarwar ɓallewar Gabas da sunan Biyafara da Ojukwu ya karanta a Inugu ranar 30 ga Mayun 1967 ta cancanci a karanta ta da idon basira, domin ƙarfinta da rauninta suna wuri ɗaya. Ƙarfinta shi ne inda ta ce wa mutanen Gabas sun riga sun gane cewa babu wata gwamnati da ke zaune a wajen yankinsu da za ta iya kare rayukansu da dukiyarsu. Matar da ta sauka daga jirgin ƙasa a Inugu babu miji babu kaya ba ta bukatar a fassara mata wannan. Duk wanda zai yi wa Biyafara hukunci na adalci sai ya fara tsayawa a gaban wannan jumla, ya yarda cewa a Oktoban 1966 gaskiya ce.

Rauninta kuwa yana cikin “mutanen Gabas”. Sanarwar ta yi magana kamar Gabas jiki ɗaya ce mai murya ɗaya, alhali akwai Efik da Ibibio da Ijo da Ogoni da mutanen Ogoja, waɗanda tun shekarun 1950 suke neman jiharsu don gudun danniyar masu rinjaye, har Turawa suka kafa kwamitin Willink a 1957 don sauraron kokensu. A Fabrairun 1966 Isaac Adaka Boro ya yi shelar jamhuriyar Neja Delta, gwamnatin Ironsi ta murƙushe shi cikin kwana goma sha biyu, kotu ta yanke masa hukuncin kisa saboda cin amanar ƙasa. Abin da ya zama laifi a hannun Boro shi ne ya zama haƙƙi a hannun Ojukwu bayan wata goma sha biyar. An kashe wasu daga waɗannan ƙabilu a Arewa tare da Ibo, wasunsu kuma sun bi Biyafara da zuciya ɗaya, amma ba a taɓa yi musu ƙuri'ar jin ra'ayi ba. Sanarwar kuma ba ta manta da ambaton ruwan teku da ƙasar da ke ƙarƙashinsa ba, galibin man kuwa a ƙasar waɗannan ƙananan ƙabilu yake. Gowon ya san haka sarai. Kwana uku kafin sanarwar, ranar 27 ga Mayu, ya yanka ƙasar jihohi goma sha biyu, shida a Arewa, uku a Gabas. Ya kira hakan 'yantar da tsiraru, kuma akwai gaskiya a ciki. Akwai kuma gaskiyar da bai faɗa ba: sabuwar taswirar ta raba ƙasar Ibo da teku da yawancin rijiyoyin mai.

Ranar 6 ga Yuli aka yi harbin farko a Gakem, kusa da Ogoja. Gwamnatin tarayya ta ƙi kiran abin yaƙi, ta ce aikin 'yan sanda ne, wato a je a kamo ɗan tawaye a dawo. Ojukwu kuma ya yi ta gaya wa mutanensa cewa babu wani ƙarfi a Afirka baƙar fata da zai iya durƙusar da su. Duka maganganun biyu alkawarin gajeren yaƙi ne, kuma da irinsu ake shawo kan uwa ta bar ɗanta ya tafi. Wata talatin aka yi. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne aƙalla mutum miliyan ɗaya suka mutu, galibinsu yara da tsofaffi da yunwa ta kashe bayan an toshe hanyoyin shiga yankin.

“Najeriya ɗaya” ta zama taken rediyo safe da yamma, kuma mutane da yawa sun ba da ransu dominta da tsarkin niyya. Amma ranar 7 ga Oktoban 1967, a Asaba, mutanen gari suka fito cikin fararen kaya suna rera wannan take don su nuna wa sojojin tarayya cewa ba su tare da tawaye. Aka ware maza aka harbe ɗaruruwansu. Kalmar da aka ce dominta ake yaƙin tana bakinsu lokacin da aka kashe su. Ba na iya jin wannan take ba tare da Asaba ta faɗo mini ba, kamar yadda ba na iya jin “a raba” ba tare da tashar jirgin ƙasa ta Kano ba.

Wani abin da ke ƙara mini nauyin zuciya shi ne asalin masu maganar. A Zungeru aka haifi Ojukwu a 1933, yana jin Hausa, shi ne kwamandan bataliya ta biyar a Kano a Janairun 1966, kuma amini ne ga Sarkin Kano Ado Bayero, wanda Ojukwun ya naɗa uban Jami'ar Nsukka. Nzeogwu a Kaduna aka haife shi har aka laƙaba masa sunan garin. Gowon ɗan Angas ne, Kirista, a Wusasa ta Zariya ya tashi. Inugun da aka yi shelar Biyafara a cikinta, magajin garinta na farko a shekarun 1950 Bafulatani ne daga lardin Sakkwato, Malam Umaru Altine, kuma zaɓensa aka yi. Waɗannan mutane sun fi kowa sanin yadda ƙasar ta cuɗanya. Duk da haka jawabansu, na ɓallewa da na haɗewa, sun yi magana kamar kowace al'umma tana zaune ita kaɗai cikin shingenta.

Ba ina cewa rabuwar ƙasa haramun ce ba. Czech da Slovakiya sun rabu ranar 1 ga Janairun 1993 ba a zubar da jini ba, domin sun zauna sun yi lissafin iyaka da bashi da dukiya da matsayin ɗan wannan ɓangare da ke zaune a wancan. Abin da nake tuhuma shi ne maganar rabuwa da ake jefa wa taron fusatattu babu wannan lissafi, da kuma maganar haɗin kai da ba ta ɗauki alkawarin kare ran kowa ba. Bayan da Philip Effiong ya miƙa wuya a madadin Biyafara a barikin Dodan ranar 15 ga Janairun 1970, Gowon ya ce babu wanda ya ci, babu wanda aka ci. Magana ce mai daraja, ta hana ramuwar gayya da aka yi ta tsoro. Sai dai ta kuma zama murfi: ba a gurfanar da kowa a kan Janairu ba, ko Oktoba, ko Asaba.

Shi ya sa a watan Yunin 2017 wasu ƙungiyoyin matasan Arewa suka iya taruwa a Kaduna su ba 'yan Ibo wa'adin barin Arewa kafin 1 ga Oktoba, daidai ranar harbin filin jirgin Kano, yayin da a Gabas wasu ke kiran sauran 'yan ƙasa da sunayen dabbobi a rediyo. An janye wa'adin a watan Agusta, Allah ya kiyaye. Galibin matasan da suka yi ta yaɗa shi a wayoyinsu ba a taɓa karanta musu tarihin 1966 a aji ba, kuma abin da aka rubuta a kansa da Hausa bai taka kara ya karya ba.

Waɗanda suka ga shekarar 1966 da idonsu yanzu sun haura saba'in, kullum kuma raguwa suke yi. Ina roƙon marubutanmu da gidajen rediyonmu da malaman tarihi na Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo su je gare su tun suna da rai, a Fagge da Sabon Gari da Tudun Wada, su naɗi muryoyinsu da Hausa, wanda ya yi ihun da wanda ya ɓoye maƙwabci da wanda ya je fagen daga, su buga abin yadda aka faɗe shi, ba tare da sun tausasa ko kalma ɗaya ba.